Tarkacen tsohuwa a zauren baje koli

A shekarar 2005, a wani zauren baje kolin fasaha da ke tsohuwar unguwar masana'antu ta 798 a birnin Bejin, wani mai fasaha ɗan ƙasar Sin, Song Dong, ya kwaso kayan ɗakin mahaifiyarsa kaf ya shimfiɗa a ƙasa, ya buɗe ƙofa ya ce jama'a su shigo kallo. Babu abin alfarma ko ɗaya a ciki. Kwalayen magani ne da aka shanye maganin tun tuni, da bututan man goge baki da aka matse har suka lanƙwashe, da murafen kwalba, da takalman yara waɗanda masu su sun riga sun zama iyaye, da tsummokara a naɗe an ɗaure da zare, da karyayyun kujeru, da tukwane da baho da robobin ruwa, har da farin soson nan da ake tokare talabijin da shi a cikin kwali. Guda sama da 10,000. A tsakiyarsu an kafa ginshiƙan katako na tsohon ɗakin iyalin, tsaye ba bango. Sunan aikin a Turance Waste Not, daga wata magana ta mutanen Sin da ke cewa a ci amfanin abu har iyakarsa.

Na daɗe ina ƙura wa hotunan wannan aiki ido, ina ja da yatsa ina ƙara musu girma a waya, kuma duk cikin ayyukan fasahar zamani da aka yi da kayan amfanin gida babu wanda ya kama ni irinsa.

Sunan tsohuwar Zhao Xiangyuan. An haife ta a 1938 a gidan masu hali, mahaifinta jami'i ne a ɓangaren da 'yan kwaminis suka kayar a 1949. Ba a daɗe ba aka ɗaure shi bisa zargin leƙen asiri, gida ya faɗa talauci. Ta ga yunwar 1959 zuwa 1961, wadda ta kashe miliyoyin mutane a Sin. Ta yi aure, ta haifi Song Dong a 1966, shekarar da juyin al'adu na Mao, shugaban Sin na lokacin, ya fara, aka kuma ɗauke mijinta aka kai shi sansanin gyaran hali ya yi shekaru. Lokaci ne da yadi da sabulu sai da takardar rabo ta gwamnati. Macen da ta rayu haka ba ta zubar da komai. Ƙyalle zai zama faci, kwalba za ta zama mazubi, waya za ta ɗaure wani abu.

Maganar sabulun ce ta fi tsaya mini a rai. Takan sayi rabonta ta shanya shi ya bushe ƙarau, domin busasshen sabulu ba ya saurin narkewa a ruwa, sannan ta rage wanda take wanki da shi ta ɓoye sauran saboda 'ya'yanta, kada su girma su rasa. Suka girma, ƙasar ta canza, kowa ya sayi injin wanki. Da ta miƙa wa ɗan nata sabulun da ta tara, ya nuna mata ba ya bukata. Ba ta zubar ba. A wurin baje kolin ga shi nan an gina shi tubali-tubali, ya yi duhu saboda daɗewa, wani ma ya girmi wanda aka ajiye wa.

Da mijinta ya rasu a 2002 sai abin ya wuce tattali. Ta shiga tara kaya ba ji ba gani, ta cika ɗaki, ta cika tsakar gida, duk gurbin da mamacin ya bari ta cusa wani abu a ciki. 'Ya'yan suka yi abin da kowannenmu zai yi, suka fara kwashewa a ɓoye suna zubarwa, ita kuma ta yi ta fushi. A nan ne Song Dong ya yi dabarar da ta sa nake ganin girmansa. Ya daina ce mata tarkace ne. Ya ce mata yana da aikin da ba zai yiwu ba sai da kayanta, kuma sai da ita. Wato ranar da ta yi shekara hamsin tana cewa za ta zo, ranar da kayan za su yi amfani, ga ta ta zo. Da hannunta ta ware su, ta ninke, ta jera. Da aka buɗe, takan zauna a gefe tana hira da 'yan kallo, tsofaffi sa'o'inta suna nuna abu suna cewa su ma suna da irinsa. Ɗan ya kafa rubutu da fitila mai haske yana fuskantar sama, saƙo ga mahaifinsa cewa kada ya damu, su da mama suna lafiya.

Ta rasu a farkon 2009, ta faɗo ne garin ceton wani tsuntsu da ya maƙale a bishiya. A shekarar aka nuna aikin a gidan fasahar zamani na MoMA a Niyok, sannan a cibiyar fasaha ta Barbican a Landan a 2012. Duk inda za a kai shi, Song Dong da 'yar'uwarsa da matarsa, wadda ita ma mai fasaha ce, su ne ke buɗe akwatunan su sake jerawa ɗaya bayan ɗaya.

Irin wannan aiki a fannin sassaƙa ake lissafa shi. Na san wani zai ce, to Malama, ina sassaƙa a nan? Mu in an ce sassaƙa hankalinmu kan tafi ga turmi da allo da kujerar tsakar gida, ko ga mutum-mutumin shataletale da yawancinmu ke kau da kai daga gare shi saboda addini. Amma fiye da shekara ɗari ke nan da masu wannan fanni suka fara ajiye gizago. Tun 1913 Marcel Duchamp, Bafaranshe, ya kafa ƙafar keke a kan kujera ya ce aiki ne. Gwanintar ta koma ga zaɓe da jerawa da sanin yadda jikin mai kallo zai ratsa tsakanin kayan. Wani abin da ya yi mini daɗi kuma, yawancin irin waɗannan ayyuka babu surar mai rai a cikinsu, saboda haka ina iya nuna wa ɗalibaina ba tare da an aiko daga gida ana tambaya ba.

Ba sai an yi mini tafinta kafin in gane Zhao ba, domin na tashi a gaban irinta. Gwaggona, yayar mahaifina, Allah ya ji ƙanta, ƙarƙashin gadonta na ƙarfe mai rumfa wata duniya ce. Gwangwanayen madara cike da maɓallai, kwalaben Bintu Sudan da babu ko ɗigo, ragowar atamfa da take karɓowa daga wurin tela, zoben labule, makullan da aka manta ƙofofinsu, ledoji a ninke cikin leda. Da sandunan sabulu, wallahi, a cikin wata tsohuwar kwalla. Ta ga farin 1973, ta kuma bi layi a 1984, lokacin da sabulu da madara da sukari da omo sai mutum ya yi sammako ya tsaya a rana kafin ya samu. In na ce, “Gwaggo, wannan kam ai ya mutu, a ba 'yan gwangwan,” sai ta karɓe daga hannuna ta ce, “Ajiye mini abina, 'yar nan. Zai yi rana. Ku ba ku ga komai ba.”

Abin da ya faru bayan rasuwarta shi ya sa na ga cewa aikin Song Dong ba zai taɓa yiwuwa a gidanmu bayan mutuwa ba. A wurinmu ko allura gado ce. Bayan an share makoki aka kira malamin da zai raba, aka kira dillaliya ta yi wa kaya kuɗi. Ta ɗaga zani ta faɗi kuɗinsa, ta ƙwanƙwasa kwalla ta faɗi kuɗinta, ta auna 'yan kunne a tafin hannu. Da aka jawo na ƙarƙashin gado sai ta tura da ƙafa ta ce waɗannan ba su da kuɗi. Gaskiyarta, sana'arta ta yi. Haka shari'a ta tsara, kuma da hikima, domin kada haƙƙin maraya ya maƙale a ɗakin da aka kulle don tunawa. Sai dai abin da na lura, ba a yi kuka a kan zinariya ba. 'Yarta ta fari, mace mai jikoki, gwangwanin maɓallan ne ya sa ta fashe da kuka, don ta tsinci maɓallin rigar makarantarta a ciki. Tsohon doki sai mai shi. Kafin la'asar yaro mai kura ya zo ya ɗora abin da ke ƙarfe a sikeli ya biya ya tafi, sauran aka kai bola. Ni na roƙi magada suka bar mini wata samira mai ɓantalallen fenti a baki, wadda take zuba mini dambu a ciki ina ƙarama.

Song Dong ya yi nasa ne tun mai kayan tana raye, da yardarta, tana tsaye a kai. A ganina nan ne ƙarfin aikin yake. Duk lokacin da na ga an tara kayan gida an kira su fasaha, tambayar da nake fara yi ita ce, ta yaya suka bar hannun masu su?

Mu ma fa ba baƙi ba ne a wannan fage, ko da ba mu kira shi da sunan da ake kiransa a Landan ba. Duk wanda ya shiga ɗakin amarya a Kano ko Katsina ko Damagaram shekaru arba'in da suka wuce ya ga jere: kwalla a ƙasa, samira a kanta, langa da kumbo da fanteka, babba na ɗauke da ƙarami har kusa da rufi, launi na amsa launi. Ba a girki da su, ba a cin abinci a ciki. Gwanayen jere sanannu ne a unguwa, su ake kira ranar kai kaya, kuma mace na iya rushe bango guda ta sake saboda fure ɗaya ya kalli inda bai kamata ba. Kafin kwano ƙorai ne da tasoshi. Kwanukan fentin nan kuwa da farko daga waje ake shigo da su, daga baya 'yan kasuwar Hong Kong suka kafa masana'antunsu a Kano da Ikeja wajajen samun 'yancin kai, shi ya sa in ka ga bahon tsohuwar Sin mai jan fure sai ka rantse daga ɗakin kakarka aka ɗauko. Jere ado ne, asusu ne kuma: in ta ɓaci a sayar da kwalla ɗaya, in 'ya ta isa aure a rage mata. Yanzu sho-gilas da tangaran da kuloli sun kore shi, su ma ana korarsu.

Saboda jere ne na zaci zan so aikin Subodh Gupta na Indiya fiye da yadda nake son sa. An haife shi a 1964 a jihar Bihar, ya kuma yi suna da kwanukan silba masu ƙyalli, irin waɗanda ke kowane madafi a ƙasarsu, da kwanon hawa-hawa da ma'aikata ke kai abinci ofis a ciki. A 2006 ya haɗa su ya yi wani ƙaton ƙoƙon kan mutum aka ajiye a wata coci a Faris, daga baya ya yi hayaƙin bam ɗin nukiliya da tukwane. Ido kam yana cika. Amma kwanukan waɗannan manyan ayyuka sababbi ne fil, daga kanti suka wuce wurin walda, babu wadda ta taɓa kankare ƙanzo a cikinsu. Sai na ji kamar an tara mini jama'a ba wanda na sani. Ayyukan da ya yi da tsofaffin tukwane masu baƙin gindi sun fi shiga raina nesa ba kusa ba.

El Anatsui lamarinsa daban. Ɗan Gana ne, haifaffen 1944, ya koyar a jami'ar Nsukka tun 1975. A ƙarshen shekarun 1990 ya tsinci buhun murafen kwalaben barasa a yashe, daga nan ya fara baje su, a huda, a ɗinke da wayar tagulla, har su zama wani ƙaton mayafi na ƙarfe mai ninkewa yana walƙiya. Ya yi da murafen gwangwanin madarar Peak, ya yi da tsofaffin magogin rogo. A 2015 aka ba shi kyautar Zakin Zinariya a baje kolin fasaha na birnin Benis a Italiya, a 2023 ya cika babban zauren gidan fasaha na Tate Modern a Landan. Yakan ce abin da ya ratsa hannun mutane yana ɗauke da wani abu nasu, kuma na yarda. Kyan aikinsa ba ya bukatar shaida. Sai dai babu wanda ya taɓa ƙaunar murfin kwalba, an murɗe an yar ne. Labarin da ke ciki na fatauci ne da tarihin barasa da bayi a gaɓar teku, ba na shaƙuwa ba.

Wanda ya fi kusa da Song Dong a wurina shi ne Ibrahim Mahama, ɗan Tamale a arewacin Gana, haifaffen 1987, wanda ya yi karatu a jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi. Shi da buhun algarara ya fito. Ana saƙa buhunan a Indiya da Bangaladash, hukumar koko ta Gana ta shigo da su ta buga musu hatiminta. In sun gama aikin koko sai su faɗa kasuwa, a zuba masara, a zuba shinkafa, su tsufa su koma na gawayi, wanda daga shi sai bola. A kowane zango ɗan kasuwa kan rubuta sunansa ko alamarsa da fenti, yadda ake yi a Dawanau, wani ya yi faci, wani ya ɗinke baki da igiya. Mahama yakan je wurin masu gawayi da sababbin buhuna ya karɓi tsofaffin, ya tara mutane, yawancinsu 'yan ci-rani daga arewa, su zauna da basilla su haɗe su. A 2015 ya lulluɓe bangayen wani dogon lungu a baje kolin Benis da su, a 2016 babban gidan wasan kwaikwayo na ƙasa a Akara, a 2017 tsofaffin gine-ginen ƙofar gari a Kassel ta Jamus. Gini mai tsafta na Turai sai ga shi sanye da abin da ya sha zufar ɗan dako.

Akwai kuma wanda ya yi a 2017 da ɗaruruwan akwatunan masu gyaran takalma, ƙananan akwatunan katako da ake zuba burushi da man takalmi da ƙusa a ciki, a rataya a kafaɗa ana bugawa don kiran ciniki. Ya gina su bango guda, an cusa tsofaffin silifa da duga-dugan takalma a tsakani. Duk Bahaushen da ya taɓa zama a Legas ko Fatakwal ya san ƙarar wannan akwati, ya kuma san yaran da ke ɗauke da shi, ya san cewa shi ne shagonsu, kujerarsu, wani lokaci har matashinsu.

Na 2024 ne ya fi sa ni tunani. Ya lulluɓe gefen ginin Barbican, can inda aka taɓa shimfiɗa kayan Zhao, da yadi ruwan hoda da shunayya mai faɗin murabba'in mita kusan 2,000, wanda ɗaruruwan masaƙa da maɗinka suka haɗa da hannu a filin ƙwallo na Tamale. A jikin yadin ya ɗinka batakari kusan 100, rigar saƙi ta mutanen arewacin Gana, wadda ake sawa shekara da shekaru, wata ma a gaje ta daga uba ko kaka. Ba sababbi ya saya ba. Gida-gida aka bi aka yi musaya da masu su, aka karɓo masu tabon zufa a wuya da huji a hammata. Buhun gawayi ba wuyar rabuwa, kowa zai so a ba shi sabo a madadin tsoho. Rigar kaka kuwa wani abu ne, kuma ina ta tunanin irin zaman da aka yi a zaurukan nan kafin wani dattijo ya shiga ciki ya ɗauko ta.

A nan ne kuma ƙaiƙayin yake. Abin da aka karɓa da sabon buhu ko sabuwar riga, in ya isa hannun dillalan fasaha a Landan, kuɗinsa ya zama wanda mai gawayi ba zai tara ba ko da zai shekara hamsin yana sayarwa. Ba na son in wuce wannan kamar ban gani ba. Abin da ke sassauta mini shi ne inda kuɗin ke komawa. Mahama bai tare a Turai ba. A 2019 ya buɗe cibiyar fasahar zamani ta Savannah a Tamale, a 2020 ya buɗe Red Clay a bayan gari, inda ya sayo tsofaffin jiragen sama da taragun jirgin ƙasa ya girke, yara 'yan makaranta na shiga cikin jirgin ana koya musu zane da kwamfuta. Ya kuma sayi wani rumbun siminti da aka fara ginawa zamanin Nkrumah aka watsar, ya mai da shi wurin baje koli. Jikan mai rigar zai iya zuwa ya zauna a kujerar matuƙi. Ko hakan ya biya rigar, mai ita ne zai faɗa, ba ni ba.

Ni dai da Mahama zai aiko a ce in ba da samirar Gwaggo a ba ni sabuwar kula 'yar Dubai, zan sa a shimfiɗa wa ɗan aiken tabarma, in kawo masa ruwa da abinci, mu yi ciniki har magariba, kuma ba na jin za mu daidaita.